Irin Doyar Na'Allah na Adogi

Duk wanda ya zauna a Adogi a waɗancan shekarun ya san Na'Allah ɗan Baballe, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafiyarsa a tattale, irin ta wanda ya fara huɗar doya tun bai kai tsayin ƙotar garma ba. Ba ya zaman majalisa. In an idar da salla zai gaida liman, ya gaida na kusa da shi, ya zura takalmansa na taya ya wuce. Sau ɗaya ya taɓa gwada birni. Ya bi 'yan kwangilar titi ya yi leburanci na 'yan watanni a Lafiya, ya dawo da tsohon keke da ƙaramar rediyo, ya ce ya gani, ya ishe shi.

Abin da Baballe ya bar masa bai taka kara ya karya ba. Gona ce a bakin rafi, da gidan jinka mai ɗaki uku, da irin wata farar doya mai santsin baya, wadda masu sakwara a Lafiya kan aiko nema tun kafin a tone ta. A gidan akwai mahaifiyarsa Iyatu, wadda idanunta suka rufe, da matarsa Zuwairatu mai yin daddawa, da 'ya'ya biyar, na ƙarshen yana goye.

A ƙetaren rafin akwai tungar Iorchia, mutumin Tibi da ya zo daga wajen Binuwai da matarsa Doofan, da garma a kafaɗa da tabarma a ka. Baballe ne ya yanka masa fili shekara guda kafin ya rasu, shi ya sa Iorchia yake kiran Na'Allah Ɗan Baba. Shi mai surutu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" yake ce musu. Sukan yi gayya tare. Iorchia ya yi ta zuba, Na'Allah ya yi ta huɗa, kuma kowa ya koma gida yana ganin an yi hira.

A daminar 1983 ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta tsaya ba ta fid da kai ba, doya ta fito kamar hannun yaro. Ɗan abin da Na'Allah ya samu na dawa ya zuba a rumbun gona, sai wasu masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, ta bi ciyawa ta lashe rumbun kafin a kai ɗauki. Abin da ya tsira kawai irin doyar ne, ƙwarya shida, kowace ƙwarya guda ɗari. Yana jibge a ƙarƙashin mangwaron bayan gida, an rufe shi da busasshiyar ciyawa, yana jiran ruwan shuka. Iorchia ko wannan bai tsira da shi ba, don ya sayar da nasa irin ya kai Doofan asibiti lokacin haihuwa.

Kafin zafin bazara ya kankama, gidan Na'Allah ya koma girki sau ɗaya a yini. Garin rogo ne da miyar karkashi, wata rana kunu kawai. Yaran sukan je gindin mangwaron su tsuguna suna kallon ciyawar. Wata rana Zuwairatu ta ce wa Na'Allah, ba tare da ta dube shi ba:

"Maigida, ko guda goma ne a ciro. Nonona ya fara ƙafewa."

Kafin ya amsa, Iyatu ta yi magana daga ƙofar ɗakinta.

"Ba a gidan Baballe ba. Ku rage nawa ku ba ta. Wanda ya ci irinsa bana, baɗi ƙwadago zai yi a gonar wani."

Na'Allah ya ɗauki fartanya ya fita.

Ana cikin haka aka yi shela cewa wata ƙungiyar agaji ta kawo masara, za a raba buhu ɗaya ga kowane gida duk wata har sabon abinci ya fito. Kwamiti ya zo daga Lafiya. Sakatarensu Malam Mahmuda, tsohon malamin firamare daga Bukan Sidi, dogo mai furfura, ya tsaya a barandar makaranta ya yi wa jama'a bayani a tsanake.

Ya ce masarar ba za ta ishi kowa ba, don haka za a shiga gida gida a ga abin da kowa ya mallaka. Ba za a lissafa ɗakin kwana ba, ko gona, ko garma da fartanya, ko keke guda. Amma gidan da ke da saniya, ko babur, ko injin niƙa, ko awaki fiye da uku, ba ya ciki. Haka ma gidan da ke da ajiyar abinci. Kuma duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya gida ɗaya ne, abin matar da na mijin da na tsohuwa duk a haɗe za a duba.

Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, irin shuka fa?"

"Na hatsi, mudu biyar ba komai. Doya kuwa, ƙwarya ɗaya. Abin da ya haura ajiya ne."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Malam Mahmuda ya jira suka lafa.

"Na san abin da ke ranku. Amma a wani gari mun tarar da 'yan kasuwa da doya cike da ɗaki, kowa ya ce iri ne, suka kwashe rabon marayu. Daga nan aka sa wannan doka, ba ni na sa ta ba. Kuma ku ji da kyau. Wanda ya ɓoye kaya a gidan wani, shi da mai gidan duka za a cire."

Na'Allah ya koma gida jikinsa a sanyaye. Da la'asar sai ga Iorchia ya ƙetaro rafi, ya ja shi bayan gida. Kwamitin ya fara da tungayen ƙetare ne, an riga an duba gidansa, an kuma karɓi sunansa.

"Ɗan Baba, ka kawo doya a wurina. Sun zo, sun gani, babu komai. Ba za su dawo ba."

"Ka ji abin da Malam ya ce."

"Na ji. Kai ma ka ji yaro yana kuka? Ni daga tunga ina jin shi."

Na'Allah ya daɗe yana kallon tulin. Bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba, bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Daga cikin gida jaririn ya sake tsala kuka, kukan da ba ƙarfi a cikinsa.

Ranar kasuwa, lokacin da gari ya watse, suka yi jigilar. Zuwairatu da Doofan da daro a ka, maza da buhu a bayan keke, ta cikin busasshen rafin inda gaɓa ke kare mutum. Suka bar ƙwarya ɗaya cif. A sawu na ƙarshe Zuwairatu ta ce ta ga kamar mutum a kan giginya can nesa, mai yiwuwa mai tatsar bammi ne.

Da kwamitin ya iso gidansu, Malam Mahmuda ya tsaya da Na'Allah a tsakar gida, wata 'yar kwamiti mai suna Hajiya Sharifa ta shiga ɗakuna. Ta buɗe tukwane, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfin kwallaye. Ta fito ta nufi turken awaki.

"Uku ne. Duk naku?"

"Jar ta Iya ce," in ji Zuwairatu. "Ba tamu ba ce."

"Tukunyarku ɗaya da Iya?"

"Ɗaya."

"To gida ɗaya ne." Ta shafa cikin jar akuyar, ta ji ya yi nauyi. Hajiya ta ɗan murmusa ta ce, "Abin da ke ciki ba a ƙirga shi. Amma ku roƙi Allah kada ta haihu yau."

Malam Mahmuda ya zagaya bayan gida, Na'Allah na biye. Ya ɗaga ciyawar ya ga ɗan tulin doyar. Sannan ya tsaya yana duban ƙasa. Inda sauran suka kwanta watanni ƙasar ta yi duhu da laushi, faɗinta ya ninka na tulin sau da yawa, ga karyayyun tsiro farare warwatse. Na'Allah ya share wurin, amma shara ba ta canza launin ƙasa.

"Ɗan Baballe, iyakar irinka ke nan?"

"Iyakar abin da ke gidan nan ke nan, Malam."

Malam Mahmuda ya dube shi, duban da Na'Allah ya ji kamar ba zai ƙare ba. Sannan ya saki ciyawar, ya kaɗe hannunsa ya ce, "Allah ya kawo ruwa." Aka karɓi sunan gidan.

Ranar rabo motar masara ta tsaya a filin makaranta, layi ya miƙe har bakin hanya. Rana ta buɗe, mutane na ta fifita da huluna. Na'Allah na tsakiyar layi, Iorchia na gabansa da 'yan mutane. Da aka zo kan Iorchia, sai Malam Mahmuda ya ɗaga hannu ya dakatar da masu sauke buhu.

"Iorchia, an kawo mana magana. Yau da safe mun aika tungarka, an tarar da doya ƙwarya biyar a bayan bukka. Ran da muka zo babu ita. Ta wace ce?"

Filin ya yi tsit. Na'Allah ya buɗe baki zai yi magana. Iorchia ya waiwayo kamar mai duban jama'a, idonsa ya faɗa cikin na Na'Allah, ya ɗan girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Sannan ya juya.

"Nawa ne, Malam. Na ɓoye shi a daji, na dawo da shi."

"Ka tabbata? Ba ajiyar wani ba ce?"

"Nawa ne."

Aka cire shi nan take. Wani ya yi tsaki, wani ya ce ai dama baƙin ƙetare haka suke, a ba su fili su zo su ci rabon 'yan gari. Iorchia ya naɗe buhun da ya zo da shi, ya ratsa mutane ya fita yana murmushin da bai kai ido ba. Layi ya matsa. Da aka kira sunan Na'Allah ya amsa, aka ɗora masa buhu a keke, ya tura shi zuwa gida bai ga hanya ba.

A ranar ya raba masarar biyu, mudu nan mudu can, ya kai rabi ƙetare. Iorchia ya karɓa yana dariya.

"Ka gani? In ka yi magana, yanzu babu ko ɗaya. Rabi ya fi babu."

Lissafin daidai ne, Na'Allah ya sani. Amma maganar ba ta mutu a filin makaranta ba. A kasuwa mata suka daina sayen barkonon Doofan, wata ta ce mata ta je ta dafa doyar da suka ɓoye. Mai unguwa ya aika a gaya wa Iorchia cewa za a sake duba maganar filin da yake nomawa. Iorchia mai surutu ya daina ƙetaro rafi sai da dalili.

Iyatu ba ta gani, amma ba abin da ke wuce kunnenta. Wata rana aka kai mata tuwon masara, ta taɓa shi ta ture kwanon.

"Na'Allah, zo nan. Doyar da aka kama a tunga, ta ubanka ce?"

"Ita ce, Iya."

"Kana wurin aka ce masa maƙaryaci?"

"Ina wurin."

Ba ta ci tuwon ba, ran nan da washegari, sai ruwa da ɗan kunun rogo. Zuwairatu ta sami Na'Allah a gindin mangwaro.

"Maigida, na san abin da kake saƙawa. In ka je, mu da su duka za a cire. Iorchia da kansa ya ce ka yi shiru. Dubi yaron nan, sai yanzu ya fara samun nono."

"Za su karɓe masa gona."

"Ba su karɓe ba tukuna."

Da gari ya waye ya hura wa keke iska ya kama hanyar Lafiya, bai gaya wa Iorchia ba. Sau biyu yana tsayawa a hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana duban baya. A Bukan Sidi ya yi tambaya aka nuna masa gidan. Ya tarar da Malam Mahmuda a zaure yana gyara ƙafar tabarau da zare. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin 'yan kalmomi, kansa a ƙasa.

Malam Mahmuda ya ajiye tabarau.

"Tun ran da na ga ƙasar nan na san ka kwashe. Ni ma ɗan manomi ne. Na yi shiru don ba a aike ni in tona abin da ban gani ba. Amma da aka kawo ƙara gaban kwamiti, ba ni da yadda zan yi." Ya numfasa. "Ka san dokar?"

"Na sani. A cire ni, a mayar da shi."

"Doka ba haka ta ce ba. Cewa ta yi ku biyun."

"Malam, gidana da nasa, mutum goma sha uku ne ke cin buhun nan."

"Kuma akwai gidajen da ba su ɓoye komai ba, ba su samu ko mudu ba, don masarar ta ƙare kafin a kai kansu. Su me zan ce musu?" Ya murza zaren a yatsunsa. "Zan kai wa kwamiti. Mu bakwai ne, bakina ɗaya ne a ciki. Ban yi maka alkawari ba."

Makonnin da suka biyo baya sun fi kowane lokaci tsawo a rayuwar Na'Allah. Masarar ta kusa ƙarewa, Zuwairatu ta koma auna ta da gwangwanin madara. Magana tsakaninsu ta tsaya a sannu da sannu. Hadari yakan haɗu da yamma ya watse. Ko ƙarar mota ya ji daga hanya sai ya fito ya duba.

Ranar rabo na biyu ya aika wa Iorchia cewa lalle ya zo. Kafin a fara sauke buhu, Malam Mahmuda ya hau baranda ya ce akwai gyara. Ya ce doyar da aka samu a tunga ba ta Iorchia ba ce, ta Na'Allah ɗan Baballe ce, shi ne kuma ya je da ƙafarsa ya faɗa. Kwamiti ya yi zama, an ja magana sosai, an tsaya a kan a cire gidan Na'Allah gaba ɗaya. Iorchia kuwa, tunda an tabbatar ba shi da komai, za a mayar da shi, amma buhun da ya wuce ya wuce. Daga baya aka ji Hajiya Sharifa ce ta kafe a kan haka, har ta ce in an cire Doofan mai jego da ba ta da ko ƙwaya, ita ma a cire ta daga kwamiti.

Idanu suka juyo kan Na'Allah. Liman ya sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Na'Allah? Shi da ko magana ba ya yi?" Na'Allah ya tsaya a inda yake, hularsa a hannu, har aka gama kallonsa.

Iorchia ya karɓi buhunsa, ya same shi a bakin hanya, fuskarsa a murtuke.

"Wa ya aike ka? Da sun cire mu duka fa? Yara za su ci sunana?"

"Da sun karɓe maka gona."

"Gona nawa ne, matsala nawa ne! Kai ba ka da hankali, Ɗan Baba." Ya yi ta faɗa har da yarensu, mutane na tsayawa kallo. Da ya gaji, ya jefa buhun a bayan keken Na'Allah ya ce, "Tura. Gidanka ya fi kusa, a can za a raba."

Da maraice Iyatu ta ci tuwo.

Ruwan shuka bai sauka ba sai da aka fara fid da rai. Da suka buɗe irin, kusan ƙwarya guda ta ruɓe saboda bugun da ta sha a jigila. Sauran suka raba, Na'Allah ya ba Iorchia ƙwarya biyu. Sun yi huɗa da yunwa a cikinsu, suna hutawa bayan kowane layi, abin da ba su taɓa yi ba. Jar akuyar ta haifi biyu, aka sayar da su aka sayi rogo. Jaririn ya rayu. Iyatu ba ta ga sabuwar doya ba, zazzaɓi ya ɗauke ta ana tsakiyar damina, jikinta ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Mai unguwa bai sake tayar da maganar filin ba.

Abin ya bar wa Na'Allah tabo. Da, in za a sayar da gona ko a raba gado, akan kira shi shaida don an san ba ya ƙari. Bayan wannan shekara aka daina, sai da aka yi shekaru kafin wani ya sake aiko masa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ci gaba da nomansa, ya yi wa ɗaki biyu rufin kwano, ya aurar da babbar 'yarsa Rekiya ga wani tela a Lafiya. Iorchia ya tashi zuwa wajen Awe neman sabuwar ƙasa da iyalinsa suka yi yawa, sukan haɗu a kasuwar doya in kaka ta yi.

Wajen 1994 rafin ya yi ambaliya ya cinye gonakin bakinsa, har da ta Na'Allah. Aka sake kawo agaji, wannan karon shinkafa da man gyaɗa, kuma masu rabon suka ce irin shuka ba ya cikin lissafi ko nawa ne. Mai unguwa ya aiko a sa sunansa. Na'Allah ya ce a gode masa, a wuce gidansa. Zuwairatu ta ji daga madafa. Ta yafa gyalenta ta tafi makaranta, ta bi layin mata ta ba da sunanta. Da yamma ta ajiye masa shinkafa da mai da yaji a gabansa. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya wanke hannu ya yi bisimilla.